Ƙoƙon Sadaka da Karagar Mulki: Malaman Addinin Buddha a Siyasar Myanmar

Tsakure

Wannan takarda ta dubi matsayin malaman addinin Buddha a siyasar Myanmar, ƙasar da iyayenmu suka sani da suna Bama, tun daga faɗuwar masarautar Mandalay a 1885 har zuwa yaƙin basasar da ya biyo bayan juyin mulkin 2021. Hujjar takardar ita ce ƙarfin waɗannan malamai ya samo asali ne daga cuɗanyarsu ta kullum da jama'ar da ke ciyar da su don neman lada, kuma abin da ke tayar da wannan ƙarfi shi ne tsoron kada addinin ya gushe. Da wannan ma'auni za a iya fahimtar yadda rukuni ɗaya ya tunkari bindigar soja a 1990 da 2007, sannan wani ɓangarensa ya juya kan Musulmi daga 2012.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, wanda ya san Legas ya san barikin Arakan. Duk sunayen wurare ne a yammacin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a shekarun ƙarshe na Yaƙin Duniya na Biyu, da Hausawa masu yawa a cikinsu. Arakan ita ce jihar Rakhine ta yau, kuma kogin Kalapanzin yana ratsa yankin da aka kori Musulmi 'yan Rohingya daga cikinsa a 2017.

Mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa ya ji labarin malaman Buddha na Myanmar sau biyu. A 2007 ya ji dubbansu sun fito titi ba takalmi, suna addu'ar fatan alheri ga dukkan halitta, sojoji suna dukansu. Bayan shekara shida ya ji wani malami mai suna Wirathu yana wa'azin a ƙaurace wa shagunan Musulmi. Amsoshi biyu ne suka fi yawo. Masu sha'awar addinin a Turai da Amurka sukan ce masu ƙiyayyar ba mabiya Buddha ne na gaskiya ba. A wajenmu kuma an fi jin cewa ai addinin nasu ne haka. Duka biyun sun huta da wahalar bincike. Ta farko ta fitar da manyan malamai masu dubban almajirai daga addininsu da baki kawai, ta biyu kuma ba ta da abin da za ta ce game da malaman da suka ɓoye Musulmi a gidajen ibadarsu ranar da ake farautarsu.

2.0 Abin da ke cikin ƙoƙo

Ƙidayar 2014 ta nuna kusan kashi 88 cikin ɗari na mutanen Myanmar mabiya addinin Buddha ne, a kan tafarkin Theravada, wanda ake bi a Siri Lanka da Tailan da Kambodiya da Laos. Malamai masu zuhudu, waɗanda ake kira bikku, idan aka haɗa da yara masu koyo, sun kusa rabin miliyan. Ana kiran jama'arsu Sangha.

Cikakken bikku yana ƙarƙashin dokoki 227. Ba ya aure, ba ya noma, ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka, kuma a ƙa'ida ba ya riƙe kuɗi. Abin da zai ci sai an miƙa masa. Saboda haka kafin gari ya waye, uwar gida ta riga ta dafa shinkafa, ta ware ta saman tukunya tun kafin kowa ya taɓa. Malamai za su fito a jere cikin mayafi mai launin ja mai duhu, babba a gaba, ƙarami a baya, kowa rungume da baƙin ƙoƙonsa. Mai bayarwa zai cire takalmi, ya zuba cokali ɗaya a kowane ƙoƙo, ya sunkuya. Malamin ba zai ɗaga ido ba.

Bahaushe zai tuna da almajiri, amma kamannin ya tsaya a ƙoƙon. Almajiri yana roƙo, ya yi godiya, a sallame shi. Bikku ba ya roƙo kuma ba ya godiya, domin a fahimtarsu shi ne ya yi wa mai gida alfarma da ya tsaya a ƙofarsa.

Dalilin yana cikin koyarwar. Siddhattha Gotama, wanda ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koyar da cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne, kuma akwai hanyar kashe kwaɗayin a kai ga nibbana, wato fita daga zagayen mutuwa da sake haihuwa. Sai dai manomi ko ɗan tireda bai sa ran nibbana a wannan rayuwa. Abin da yake nema shi ne ya tara lada, kamma ɗinsa ta yi kyau, a sake haifarsa cikin hali mafi sauƙi. Masanin ɗan'adam Melford Spiro, wanda ya zauna a wani ƙauye kusa da Mandalay, ya nuna a littafinsa na 1970 cewa wannan neman lada ne addinin mafi yawan jama'a, kuma babbar ƙofarsa ita ce kyauta. Ladan kyauta kuwa yana ƙaruwa gwargwadon tsarkin wanda ya karɓa. Littattafansu sun kira Sangha gonar lada: abin da aka shuka a cikinta ya fi yabanya.

Idan an yi babbar sadaka, mai bayarwa yakan riƙa ɗiga ruwa daga buta zuwa cikin kwano yayin da malami ke karatu, sannan ya furta cewa ya raba ladan ga iyaye da mamata da dukkan halitta, mahalarta su amsa sau uku. Babu jana'izar da ta cika ba tare da wannan ba. Kusan kowane yaro namiji kuma yakan shiga gidan zuhudu na ɗan lokaci, a bikin da ake kira shinbyu: a yi masa ado irin na ɗan sarki, a zaga gari da shi a kan doki, a aske kansa, a ba shi ƙoƙo. Daga ranar mahaifiyarsa za ta durƙusa masa. Ga kuma makarantun gidajen zuhudu fiye da dubu da ke koyar da 'ya'yan talakawa kyauta. Babu wata hukuma a ƙasar, har da gwamnati, da ta shiga gidajen mutane kamar haka.

Akwai abu na ƙarshe da ya kamata a riƙe. Sharhunan Theravada sun ce sasana, wato koyarwar Buddha da duk abin da ke riƙe da ita a duniya, shekara 5,000 za ta yi, tana raguwa mataki-mataki har ta ɓace. An riga an cinye fiye da rabi. Mai bin wannan addini yana rayuwa da sanin cewa addininsa mai ƙarewa ne, kuma sakacin mutane na iya gaggauta ƙarewar.

3.0 Da sarki ya tafi

A da, tsare sasana aikin sarki ne. Tun daga Anawrahta na Bagan, wanda ya hau gado a 1044, sarki ke gina hasumiyoyin ibada, ya naɗa shugaban malamai, ya tuɓe mayafin wanda ya lalace. Sarki Mindon ya sa an sassaƙa nassin littattafan addinin a kan allunan marmara 729 a Mandalay, ya kuma tara babban taron malamai a 1871 don tantance nassin. A Nuwamban 1885 Ingilishi suka kama magajinsa Thibaw, suka kai shi gudun hijira Indiya.

A nan kwatanci da Arewacin Nijeriya yana da amfani. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Lugga ya naɗa sabon Sarkin Musulmi, ya bar sarakuna da kotunan alƙalai suna aiki a ƙarƙashinsa. A tsakiyar Bama kuwa an share sarautar gaba ɗaya, aka mayar da ƙasar lardi a cikin Indiya har zuwa 1937, aka kuma ce gwamnati ba ta shiga harkar addini. Muƙamin shugaban malamai ya zama suna kawai, daga baya ya mutu. Ga Bature wannan adalci ne. Ga mutanen ƙasar, an bar addini ba mai tsaro.

Alicia Turner ta nuna a littafinta na 2014 cewa talakawa da 'yan boko ne suka ɗauki nauyin da sarki ya sauke. Ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, na ciyar da malamai, na buga littattafai, na hana shan giya. Wani babban malami, Ledi Sayadaw, ya fara koya wa mutanen gari ilimin da a da sai masu zuhudu, har da zaman tunani mai zurfi da ake kira vipassana, bisa hujjar cewa idan ilimin yana zukatan jama'a ba zai ɓace da wuri ba. Wannan zaman tunani da yau ake koyarwa a asibitoci da ofisoshin Turai don rage damuwa, a matsayin maganin mulkin mallaka ya bazu.

Rikicin farko da ya haɗa kan ƙasar a kan takalmi aka yi shi. Turawa suna shiga harabar hasumiyoyin ibada da takalmansu, abin da ɗan ƙasa ba ya yi. Ƙungiyar matasa mabiya Buddha da aka kafa a 1906 ta ɗauki maganar, a 1919 wasu malamai suka far wa Turawa masu takalmi a wata hasumiya a Mandalay, daga ƙarshe gwamnati ta bar wa masu kula da wuraren ikon kafa dokarsu. U Ottama, malami ɗan Arakan, ya sha ɗauri tun daga 1921 saboda wa'azin ƙin mulkin mallaka. U Wisara ya mutu a kurkuku a 1929 bayan kwana 166 yana ƙin cin abinci, kuma cikin abin da yake nema har da a bar shi ya sa mayafinsa a gidan yari.

Tarihin kishin ƙasa yakan tsaya a nan, amma akwai ci gaba. Mulkin Ingilishi ya kawo Indiyawa fiye da miliyan ɗaya, 'yan ƙwadago da ma'aikata da masu ba da bashi. Da farashin shinkafa ya faɗi a farkon shekarun 1930, gonaki masu yawa suka koma hannun masu bashin, waɗanda galibinsu 'yan Hindu ne. Fushin bai tsaya tantancewa ba. A 1938 wani littafi da aka ce ya ci mutuncin Buddha ya jawo taro a hasumiyar Shwedagon, daga nan aka shiga kashe Musulmi a Rangun, wato Yangon ta yau, da wasu garuruwa, da matasan malamai a cikin masu tarzomar. Ƙorafin da aka fi ji a lokacin shi ne baƙi suna auren matan ƙasar suna raba su da addininsu, har aka yi dokar auren mata mabiya Buddha a 1939. Za mu sake haɗuwa da wannan doka.

4.0 Daga U Nu zuwa Ne Win

Bayan samun 'yanci a 1948, Firayim Minista U Nu ya so ya koma gurbin sarakunan da. Ya shirya babban taron malamai daga 1954 zuwa 1956, ya tallafa wa cibiyar zaman tunani ta Mahasi Sayadaw, a 1961 kuma ya mayar da addinin Buddha addinin gwamnati. Kiristocin ƙabilun Kachin da Chin da Musulmi suka ga an mayar da su 'yan rakiya. Janar Ne Win ya kifar da shi a Maris ɗin 1962, ya jingine dokar, amma a 1980 ya yi abin da ya fi ta tasiri: ya kafa majalisar ƙoli ta malamai, aka yi wa kowane bikku rajista da katin shaida, aka taƙaita ɗariƙun da aka yarda da su zuwa tara. A 1982 ya kawo dokar zama ɗan ƙasa wadda ta rataya cikakken 'yanci a kan ƙabilun da gwamnati ta amince da su. Rohingya ba sa cikin jerin.

5.0 Kife ƙoƙo

Dokokin zuhudu sun ba Sangha hukunci guda da za ta iya yanke wa wanda ba bikku ba. Malaman yanki za su taru, a karanta ƙudiri, idan babu wanda ya yi musu sai a ce an kife wa wane ƙoƙo. Daga nan ba a karɓar sadakarsa, ba a shiga gidansa, ba a yi masa wa'azi. Asalin hukuncin labarin wani basarake ne mai suna Vaddha, wanda ya yi wa wani bikku ƙazafi a zamanin Buddha. Idan mai laifin ya zo ya nemi gafara, sai a sake taruwa a ɗaga ƙoƙon.

A ranar 8 ga Agustan 1990, malamai a Mandalay suka fito tunawa da waɗanda aka kashe a boren neman dimokuraɗiyya na 1988, a daidai lokacin da sojoji suka ƙi miƙa mulki ga jam'iyyar NLD ta Aung San Suu Kyi wadda ta lashe zaɓen watan Mayu. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, suka doki malamai. Kafin ƙarshen watan aka kife wa sojoji da iyalansu ƙoƙo, hukuncin ya bazu zuwa Yangon da wasu garuruwa. A duba abin da wannan ke nufi a cikin bariki. Matar kofur ta fito da shinkafa da asuba, jerin malamai ya wuce ta. Mahaifin kyaftin ya mutu, babu wanda zai zo a ɗiga ruwa. Yawancin ƙananan sojoji 'ya'yan ƙauye ne da suka yi shinbyu, iyayensu mata kuma ba su daina tambaya ba. Gwamnati ta jure wata biyu, a Oktoba ta aika sojoji cikin gidajen zuhudu fiye da ɗari a Mandalay, ta kama malamai, ta tuɓe wa wasu mayafi, ta haramta duk wata ƙungiyar malamai da ba ta cikin ɗariƙu tara.

Darasin da janar-janar suka ɗauka shi ne kada a sake samun su ba su da inda za su kai sadaka. Daga shekarun 1990 talabijin na gwamnati ya cika da hotunansu durƙushe a gaban manyan malamai, suna miƙa mayafai da motoci da lambobin girma. Sun sabunta kan hasumiyar Shwedagon a 1999, shugabansu Than Shwe ya gina kwatankwacinta a sabon babban birni Naypyidaw. Talakan gari ya ci gaba da ciyar da ƙananan malamai, gwamnati ta ɗauki nauyin manya.

A 15 ga Agustan 2007 gwamnati ta ƙara kuɗin mai ba sanarwa. Dizal ya ninka, iskar gas ta motocin haya ta ninka kusan sau biyar. Malamai ne suka fara ganin sakamakon, don wanda ke bin gida-gida kowace safiya ya san ranar da cokali ya koma rabi, ya kuma san gidan da aka daina buɗe ƙofa saboda kunya. Wasu iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu gidajen zuhudu don su samu abin ci. A 5 ga Satumba malamai suka yi jerin gwano a garin Pakokku, sojoji suka yi harbi sama, aka doki wasu daga cikinsu. Wata sabuwar ƙungiyar malamai ta ba gwamnati wa'adin 17 ga wata ta nemi gafara, ta rage farashi, ta saki fursunonin siyasa. Da wa'adin ya wuce aka kife ƙoƙo, malamai suka fito suna ɗauke da ƙoƙunansu a kife, jama'a suka riƙe hannu suka yi musu shinge hagu da dama. A 22 ga wata suka wuce ta ƙofar gidan da ake tsare da Suu Kyi, ta fito ta gaishe su. Daga 26 ga wata aka fara harbi da fasa gidajen zuhudu da dare. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga aƙalla mutum 31 da aka kashe. An yanke wa U Gambira, ɗaya daga cikin jagororin, ɗaurin shekara 68.

Ga abin da nake ganin masu nazari ba su ba shi haƙƙinsa ba. Dalilai takwas ne dokar ta lissafa na kife ƙoƙo: neman hana malamai abin masarufi, cutar da su, raba su da mazauninsu, zaginsu, haddasa rabuwa a tsakaninsu, da aibata Buddha ko koyarwarsa ko Sangha. Babu zaluntar talaka a ciki. An kashe dubban mutane a 1988, malamai da yawa sun shiga boren, amma babban kife ƙoƙo sai da aka taɓa malamai a 1990. An yi makonni ana kama masu zanga-zangar mai a 2007, kife ƙoƙo bai zo ba sai bayan Pakokku. Ba ina rage darajar jarumtakarsu ba ne, kuma buƙatunsu sun haɗa da na talaka. Amma makamin, a yadda aka ƙera shi, na kare addini ne. Duk wanda aka nuna a matsayin barazana ga sasana, a kansa zai sauka.

6.0 Lamba a ƙofar shago

Gwamnatin Thein Sein ta sassauta daga 2011. An saki fursunoni, an daina tace jaridu a 2012, layin waya da a da sai mai hali ya koma kuɗin kwanon abinci a 2014, Facebook ya zama shi ne intanet ga miliyoyin mutane. Cikin waɗanda aka saki a Janairun 2012 akwai U Gambira, akwai kuma Wirathu na gidan zuhudun Masoeyein a Mandalay, wanda aka ɗaure tun 2003 saboda tunzura jama'a a kan Musulmi.

A watan Yunin 2012, bayan fyaɗe da kisan wata mata 'yar Rakhine da kuma kashe Musulmi goma da aka sauke daga mota don ramuwa, jihar Rakhine ta kama da wuta. Mutum wajen 140,000 suka rasa matsuguni a rikice-rikicen shekarar, mafi yawansu Musulmi. A Maris ɗin 2013 gardama a wani shagon zinariya a Meiktila ta ƙare da kisan fiye da mutum 40, har da ɗaliban wata makarantar Islamiyya.

Yunƙurin da ake kira 969 ta kasuwa ya shiga. Lambobin suna nufin siffofi tara na Buddha, shida na koyarwarsa, tara na Sangha, kuma an yi su ne don su kishiyanci 786 da Musulmin yankin Indiya ke rubutawa a shagunansu a madadin Bisimilla. Aka buga 'yan takardu masu manne aka liƙa a shaguna da motocin haya, aka ce mai bin Buddha ya sayi kaya a wajen ɗan'uwansa. Wa'azin, wanda ake sayarwa a faifai a bakin titi, bai fito da wata sabuwar aƙida ba. Tsohon tsoron ya taɓo: ana cewa Afganistan da Indunusiya ƙasashen Buddha ne a da, kuɗin da ka kashe a shagon Musulmi da shi zai auri 'yarka. Musulmi kuwa ba su kai kashi biyar cikin ɗari na ƙasar ba.

Ƙungiyar Ma Ba Tha, wadda ta gaji yunƙurin, ta tattara sa hannun jama'a har majalisa ta zartar da dokoki huɗu a 2015: na auren mata mabiya Buddha da wanda ba addininsu ɗaya ba, na sauya addini, na hana auren mace fiye da ɗaya, da na tazarar haihuwa. Ta farkon jikar dokar 1939 ce. Kuskure ne a ɗauka cewa ƙiyayya kaɗai ta tara wa ƙungiyar mabiya. Tana da makarantun ƙarshen mako na yara, tana kai agaji lokacin ambaliya, tana taimaka wa mata a kotu, kuma mata da yawa sun shige ta saboda haka. Ta bi hanyar da gidan zuhudu ya saba bi zuwa cikin gida.

Iyakar ƙarfinta ta bayyana a zaɓen Nuwamban 2015. Manyanta sun yi wa NLD zagon ƙasa a fili, jama'a suka saurara cikin ladabi, suka je suka zaɓi NLD da gagarumin rinjaye. Sai dai jam'iyyar ta riga ta biya farashi: ba ta tsayar da Musulmi ko ɗaya ba. A Janairun 2017 aka harbe lauyanta Musulmi, U Ko Ni, a filin jirgin saman Yangon.

Bayan hare-haren 'yan bindigar Rohingya na ƙungiyar ARSA a kan ofisoshin 'yan sanda a 25 ga Agustan 2017, sojoji suka ƙone ƙauyuka, suka kashe dubbai, fiye da mutum 700,000 suka tsallaka Bangaladash. A ƙarshen Oktoban shekarar, Sitagu Sayadaw, malamin da ya yi suna wajen gina asibitoci da agajin guguwar Nargis ta 2008, ya yi wa hafsoshi wa'azi a wata makarantar soja a jihar Kayin. Ya kawo labari daga Mahavamsa, tsohon littafin tarihin Siri Lanka, inda sarki Dutthagamani ya damu da yawan waɗanda ya kashe a yaƙi, sai wasu waliyyai suka kwantar masa da hankali cewa mutum ɗaya da rabi kawai ya kashe, don sauran ba su karɓi addinin ba. Mahavamsa ba ya cikin nassin da ake jingina wa Buddha, kuma dokar farko da kowane mabiyi ke ɗauka ita ce kada ya kashe mai rai. Amma littafin yana cikin gadon Theravada, kuma wanda ya karanto shi ba ɗan tasha ba ne. A ganina wannan wa'azi ya fi duk ihun Wirathu nauyi, saboda bakin da ya fito da kuma kunnuwan da suka ji shi.

A tarzomar Meiktila ta 2013 ɗin nan dai, wani shugaban gidan zuhudu mai suna U Withudda ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan Musulmi, ya tsaya a gaban masu neman su ya hana su shiga. An yi irin haka a Lashio bayan wata biyu. Alfarmar mayafin da ta sa ake sauraron Wirathu ita ce ta hana 'yan tarzoma ture wannan malami su wuce.

Ƙasar Gambiya ce, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta kai Myanmar gaban Kotun Duniya a Nuwamban 2019 bisa zargin kisan ƙare-dangi, Suu Kyi kuma ta je Hague da kanta ta kare ƙasarta.

7.0 Bayan juyin mulkin 2021

Da Janar Min Aung Hlaing ya ƙwace mulki a 1 ga Fabrairun 2021, likitoci da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da matasa ne suka ja gaba. Akwai malaman Buddha da suka yi zanga-zanga, an ɗaure wasu, amma ba su ne jagora ba. Matasan da suka ga manyan malamai suna karɓar kyautar janar-janar sun fara faɗin abin da a da ba a faɗa, wasunsu har suka ɗaga kwalaye suna neman gafarar Rohingya. Gwamnatin adawa ta NUG ta yi alkawari a Yunin 2021 cewa za ta soke dokar 1982.

Sojoji kuwa suka koma kan abin da suka iya. An saki Wirathu, wanda aka sake tsarewa kafin juyin mulkin, a Satumban 2021, aka ba shi lambar girma ta ƙasa a Janairun 2023. A Agustan shekarar Min Aung Hlaing ya ƙaddamar da ƙaton mutum-mutumin Buddha na marmara a Naypyidaw, a daidai lokacin da jiragensa ke jefa bama-bamai a yankin Sagaing, cibiyar masu bin Buddha, inda mutanen ƙauye ke fakewa a gidajen zuhudu. A Satumban 2022 jirage masu saukar ungulu sun buɗe wuta a kan wata makaranta da ke harabar gidan zuhudu a ƙauyen Let Yet Kone, yara suka mutu.

Gwaji mafi bayyana ya zo a Yunin 2024, lokacin da sojoji suka harbe wani dattijon malami, Bhaddanta Muninda Bhivamsa, a cikin motarsa a yankin Mandalay. Gwamnati ta ɗora wa 'yan tawaye, sai malamin da ke tare da shi a motar ya fito ya faɗi abin da ya gani, dole ta amsa laifi ta nemi gafara. Abin da ya faru a Pakokku bai kai wannan ba. Malamai a wasu garuruwa, galibi inda 'yan adawa ke da ƙarfi, sun kife ƙoƙo, amma hukuncin bai game ƙasa ba.

Dalilai uku nake gani. Yaƙi ya tarwatsa garuruwan da malamai za su taru, kuma wanda ya ga abin da aka yi wa mutane a titi a 2021 ya san mayafi ba zai tare harsashi ba. Na biyu, shekaru goma na wa'azin Ma Ba Tha sun shawo kan wani ɓangare na Sangha cewa soja ne garkuwar addini, 'yan adawa kuma masu son raba addini da gwamnati ne. Na uku yana cikin dokar kanta: ƙudirin Sangha yana tabbata ne idan duk waɗanda suka halarta sun yi shiru, bikku ɗaya ya yi musu ya rushe. Tsarin rajista na 1980 da kyaututtukan shekaru talatin sun tabbatar da cewa a kowane babban gari akwai mai yin musun, akwai kuma gidan zuhudun da zai karɓi shinkafar hafsan da aka ƙi a wani wuri. Hafsan da ya sa aka yi harbi a Sagaing zai iya kai sadakarsa Naypyidaw a mako mai zuwa, a ɗiga masa ruwa, a nuna a talabijin.